Mai Canza Robar Sitiyari

Taubashi, yau na ga wanda ya fi ka taurin kai. Wani bawan Allah ne kwance a ƙofar gidansa, mota ta haɗiye shi saura ƙafafu. Robar sitiyari ce ta yage, yana canzawa da kansa. Ina jin cika baki ya yi cewa ba ya buƙatar bakanike. Matarsa tana tsaye da kwalliya, tana jira ya kai ta biki.

Ya fito, giris har cikin kunne, ya ɗaure taya, ya yi hamdala. Sai matar ta nuna dakali ta ce:

"Maigida, wannan robar da ke kan dakali fa?"

Sabuwar ce, ko ledarta bai buɗe ba. Ya zauna daɓas, ya ce a hankali, "Wa ya aike ki duba dakali?"