Kawu Ya Kai Ƙaronsa Intanet

A gidan rediyon da na koyi aiki, editanmu yana da jan biro da ya ware don kashe zuƙi. In ka rubuta "gagarumin taro", sai ya tambaye ka ko ka ƙirga kujerun. In ka rubuta "dubban jama'a", ya ce ka nuna masa dubu ta biyun. Da wannan tarbiyyar aka turo ni Gashua ɗauko rahoto, shekaru kaɗan bayan zuwan wayar hannu, kuma da ita kawuna ya same ni.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwa a Nguru, jikan Haɗejawan da jirgin ƙasa ya jawo garin. Sana'arsa ƙaro. Da rani yake saye a hannun mutanen Yusufari masu tsaga itacen dakwara, mata su tsince masa a tsakar gida, ya ɗura a buhu ya jira dillalinsa na Kano. A shekarar da nake magana, shi da dillalin sun ɓata a wurin wani ɗaurin aure, kan wanda ya kamata ya fara miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Dillali bai zo ba. Ƙaro na jibge a sito, rufin siton kuwa kwano ne da ya ga mulkin soja ya ga na farar hula, kana ciki kana kallon sama. Ƙaro ba ya shiri da ruwa. In ya jiƙe, sai ya manne ya zama dunƙule ɗaya, sai dai a zubar. Hadari kuma ya fara leƙowa ta gabas.

Wani ya gaya wa Kawu cewa akwai kasuwa a cikin kwamfuta, inda Turawa da Indiyawa ke yawo suna neman ƙaro ido rufe. Ya hau mota ya zo Gashua, inda muke da shagon intanet mai faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi. Mai shagon 'yar kudu ce, matar wani ma'aikacin gwamnati, kowa Madam yake ce mata. Aikina shi ne in rubuta tallar da Turanci.

Na rubuta, na fassara masa: akwai ƙaron dakwara a Nguru, tsintacce, busasshe, sito ɗaya, mai so ya zo ya duba.

"Shi ke nan?" in ji Kawu.

"Shi ke nan, Kawu."

"Wannan talla ce ko sanarwar rasuwa?"

"Gaskiya ce dai."

"Ban ce ƙarya ba ce. Ita ma sanarwar rasuwa gaskiya ce."

Ya bari aka saka, albarkacin mahaifiyata. Muka yi ta jira. Saƙo ɗaya ne ya shigo, daga wani mai son sayar mana da maganin sanƙo.

Da ya dawo, kujera ya ja ya zauna a jikina, ya ce in rubuta abin da ya faɗa kamar yadda nake karanta jawabin gwamna ba na gyara masa. Na gyara zama.

"Ka ce mu ne uwa, mu ne uba a harkar ƙaro a Afirka ta Yamma. Sitonmu bakwai."

"Ɗaya ne, Kawu."

"Na Alhajin Barebarin da ke jikin nawa fa?"

"Nasa ne."

"In baƙo ya nemi abin da ya fi nawa yawa, ina zan je?"

"Wurinsa."

"Zai hana ni?"

"A'a."

"To rubuta."

Wanda bai san kasuwar Nguru ba zai ce ƙarya ce tsagwaronta. A can, ɗan kasuwa ba ya cewa babu. Ka nemi abin da ba shi da shi, sai ya ce yana sito, ya zaunar da kai a benci, ya sa a ba ka ruwa, ya fita ta ƙofar baya ya dawo da na maƙwabcinsa. A lissafin Kawu, duk abin da zai iya samu tsakanin azahar da la'asar nasa ne.

Haka muka ci gaba. Tsakar gidansa ta zama masana'anta. Matan da ke tsintar ƙaro suka zama ƙwararrun ma'aikata, aka haɗa da duk wanda ke cin tuwo a zauren. Madam, wadda ta bar sauran kwastomominta ta zo kallo, ta ce, "Alhaji, ka sa kuna da ɗakin gwaji. Duk suna sawa." Kawu ya buɗe baki ya nuna mata haƙoransa, waɗanda da su yake gane ƙaro mai kyau, ya ce muna da shi.

Abu ɗaya na ƙi rubutawa, wato jiragen ruwa.

"Kawu, Nguru ba ta da teku."

"Kwalekwalen masunta da ke fadama fa, a tudu suke tafiya?"

Na ɗauke hannuna daga kwamfutar. Ya bar mini wannan, da fuskar wanda ya yi wa yaro kyauta.

Kafin mu tashi Madam ta nuna mini tallar sauran masu ƙaro. Kowane ɗaya shi ne mafi girma a Afirka. Sun cika shafi sun zuba a na biyu, ba wanda ya yarda ya zo na biyu. A tsakiyarsu tallata ta farko ta yi kama da mutumin da ya shiga gidan biki bai ce wa kowa komai ba. A kasuwarmu mai saye ya san yadda ake rage kirari har a iso kan kaya. Tsorona shi ne baƙon da bai san ana ragewa ba, ya zo da tireloli yana neman sito bakwai.

Makon bai ƙare ba saƙonni suka fara shigowa. Wanda ya fi kama hankali daga wani kamfani ne na Legas mai rassa a nahiyoyi uku, wanda ya ce shugabansa zai zo da kansa, da tawaga, ya duba masana'antar. Na karanta wa Kawu ta waya.

Bai ɓata lokaci ba. Ya zagaya maƙwabta, kowa ya yarda ya ba da aron sitonsa na yini ɗaya. Alhajin Barebari ya miƙo makulli, ya ce, "Ga shi, amma in ya tambaya, ni ne manaja. Kada ka ce masa ɗan dako ne ni." Matsalar ita ce duka shidan manaja suke so, aka kuwa ba su. Aka yi hayar rumfa da kujeru, aka yanka rago. Ni aka kira ni tafinta. Na gaya wa Kawu cewa abin da aka faɗa zan fassara, ba ragi ba ƙari. Ya ce shi ya sa ya sa mini kujera a can gefe.

Muna ta duban hanya muna jiran jerin motoci, sai wani ɗan acaɓa ya tsaya a gaban rumfar, ya sauke wani siririn Bayarabe cikin kwat, da jaka a hannu ɗaya da ledar burodi a ɗayan. Ɗaya daga cikin manajojin ya ce masa ya matsa, ana jiran baƙi. Ya yi sallama da Hausar da ta fi ta wasunmu, don a Sabon Garin Kano ya tashi, ya ce shi ne shugaban. Tawaga kuma tana tafe. Aikin tafinta ya ƙare tun bai fara ba, na koma ɗan kallo.

A sito na farko ya kwance buhu, ya zaro ƙaro daga can ƙasa, ya ɗaga shi a rana, ya sa a baki ya ciza. Madam ba ta nan, da ta ga ɗakin gwaji na biyu. Aka wuce sauran, kowane manaja na tsaye a ƙofarsa yana gyara hula. Da aka zauna kan rago, baƙon ya dubi Kawu.

"Alhaji, na farkon ne naka, ko?"

Kawu ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. "Wa ya gaya maka?"

"Shi kaɗai ka shiga kai tsaye. Sauran duk sai da ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, ka jira aka amsa."

Manajoji suka sunkuyar da kai cikin kwanukansu. Kawu ya dube shi, ya dubi ledar burodin, ya ce, "To, ranka ya daɗe, rassan nan na nahiyoyi uku fa?"

Baƙon ya ce ƙaninsa na tuƙa tasi a Turai. Ɗan wan matarsa na karatu a Indiya. Reshen Afirka kuma ga shi zaune yana cin rago. Tireloli? Ya yi magana da wani direba da ya kawo siminti Gashua, zai koma kudu ba kaya.

Kawu ya yi dariya har sai da hularsa ta faɗi, ya sa aka ƙara wa baƙo hanta. Na tambayi mutumin ko ya ga wata talla da aka fara sakawa, mai cewa sito ɗaya. Ya ce ya gani, ya ɗauka 'yan damfara ne, domin bai taɓa jin ɗan kasuwan gaske ya faɗi iya abin da yake da shi ba.

Suka yi ciniki har la'asar, da rantse-rantse da tashi da dawowa. Abin da ƙarfin baƙon ya kai, kusan shi ne abin da ke siton Kawu. Ragowar kuwa, Alhajin Barebari ya ce a zuba a nasa siton, rufinsa sabo ne.

Washegari motar siminti ta iso, aka loda. Ƙaron duka bai wuce rabin mota ba. Kawu da shugaban kamfani suka tsaya suna kallonta, kowa da damuwarsa. Kawu ba zai yarda ta ratsa kasuwar Nguru a haka ba bayan rumfa da rago, shi kuma baƙon yana da maƙwabta a Legas. Baƙon ne ya tambaya ko ana samun ƙaiƙayi a garin. Aka ɗura shi a buhuna, aka jera a saman ƙaron har suka yi tozo, aka ja tamfol aka ɗaure tamau.

Kawu ya so direba ya zagaya kasuwa sau biyu. Direba ya ce man motarsa ba na biki ba ne. Aka daidaita a kan sau ɗaya, amma a hankali, yana danna oda.