Hular Baba a Kan Mutum-mutumi

Jiya muna isa gonarmu ta hanyar Ƙarfi, Baba ya tsaya cak. "Wa ya yi min wannan?"

Mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye daga dawa ne sanye da hularsa ta soja, bajon yana ta ƙyalli. Inna ce ta ɗora masa, wai ƙyallin ya fi tsumma firgita su.

Baba tsohon soja ne, a sashen masu kai wa mayaƙa abinci. Har yau abokansa "sojan tukunya" suke ce masa, abin yana ci masa rai.

Ya nuna bajon. "Hajiya, kin san mene ne wannan? Ƙafar amalanke ce, da ita magabatanmu suka fara jigila kafin zuwan manyan motoci. Wannan kuma zangarniya. Ma'ana, muddin muna numfashi, na bakin daga ba zai kwana da yunwa ba!"

Inna ko ɗagowa ba ta yi daga tsinkar yakuwa ba. "To Malam, shi wannan da ke tsaye cikin rana, me yake gadi in ba abinci ba?"

Sai Baba ya matsa ya gyara zaman hular, wai an karkata ta ba daidai ba. Ya ja baya, ya ƙame, ya sara masa.

Na zo yin dariya, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Jama'a, a cire hular, ko a bar sabon kurtu a bakin aiki?