Buroshin Malam Ilu yana wurina

Da safen nan ina ɗaura buhun taki a bayan babur labari ya iske ni: Malam Ilu mai fenti, maƙwabcinmu a nan Malumfashi, ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kunya ce ta fara kama ni kafin hawaye, kuma zan faɗi dalili.

Lokacin bikin 'yata Hafsa na ce ni zan fente ƙofar gida da kaina. Ni da ko layin masara ban iya ja a miƙe ba. Na je wurin Malam Ilu aron buroshi, wato na hana shi aikin kuma na zo aron kayan aikin. Dariya kawai ya yi. Ya ture sababbin gefe, ya miƙo mini wani tsoho mai baƙin gashi, ya ce wannan ba ya zubar da gashi a jikin ƙofa.

Ya ce, "Baban Hafsa, fentin mai ne fa. In ka gama ka wanke shi da kananzir, ka bi da sabulu, ka rataye shi gashi na kallon ƙasa."

Na ce, "Haba Malam, ai na yi firamare."

Da na gama na ajiye shi a kan katanga, na tafi cin tuwon biki. Sai da aka kai amarya, aka watse, na tuna da shi. Ya sandare. Maman Hafsa ta ƙwanƙwasa shi a turmi, ta ce in bar mata ta riƙa fasa goro.

Daga nan na fara zagaye. Na sauya hanyar gona, na sauya sahu a masallaci. Kullum ina cewa sai na shiga Funtua na sayo irinsa. Na shiga Funtua ba sau ɗaya ba.

Malam Ilu ne fa ya rubuta mini suna a ƙofar shagona, bai karɓi ko kwabo ba. Ranar da Hafsa ta ƙone tana ƙarama, shi ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Dayi ce. Na hango shi, na laɓe bayan wata motar hatsi. Sai na ji, "Baban Hafsa, ƙafafunka sun fito."

Ya rame, yana tari. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙofar ta yi kyau, sai dai tana hawaye. Rabin gashi ake tsomawa a fenti, ba duka ba." Bai ce ina buroshinsa ba. Ni ma ban ce ba.

Bayan haka na ji ya kwanta. Ban je dubiya ba. Gida huɗu tsakaninmu, jama'a. Saboda buroshi.

Ɗazu bayan an sallace shi, liman ya ce duk wanda ke bin marigayi, ko yake riƙe da wani abu nasa, ya sanar da iyalinsa. Na buɗe baki, na ga mutane, na rufe.

To yanzu abin ba nasa ba ne, na marayu ne. Wanda zai ce "bar shi, na yafe" mun baro shi a maƙabarta. Bayan la'asar zan je wurin babban ɗansa Nasiru da sabo a hannu da sandararren a aljihu, in faɗi gaskiya a gaban masu zaman makoki. Na rubuta a nan ne don kada in sake zagayewa. Dubiyar kuma ban san wa zan biya ba.

Allah Ya jiƙan Malam Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa wa iyalinsa asiri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da ragowa, a haɗa da ni.