Hanyar Nuala

Shekara ashirin da shida Malachy Tuohy ya yi yana tsaron shingen karɓar kuɗin wucewa a hanyar ƙauyen Kilbrack. Keken doki kwabo biyu, saniya rabin kwabo, mai ƙafa ya wuce kyauta. Ɗan gidan dutsen da yake ciki ma na masu hanyar ne. Ranar da shingen ya daina kawo kuɗi, ranar zai kwashe komatsansa, kuma ya sani.

Mutumin ba mugu ba ne, taurin kai ne kawai. Ko ƙanin uwarsa bai taɓa ɗaga wa ƙafa ba. Shi ya sa ko a coci ba mai zama kusa da shi sai matarsa Nuala. Ita ke bin mutane da dafaffen dankali da ban haƙuri.

Da Nuala ta rasu, abin da ya fi ci masa rai shi ne wa zai ɗauki akwatin gawarta. Da safe sai ga Fintan Hession, mai dakon man shanu a keken doki, da maza biyar, huluna a hannu.

"Sannu da rashi, Malachy. Mu za mu kai ta."

Har hawaye Malachy ya yi, bawan Allah.

Suka saɓa akwatin a kafaɗa. Ya riga su zuwa ya wangale shingen, amma suka kauce wa shingen, suka karkata ta bayan gidan, suka bi ta gonar da ke gangarawa makabarta. A ƙasar nan ko yaro ya san al'adar: duk inda gawa ta ratsa, wurin ya zama hanyar kowa, ba mai ikon rufewa.

"Fintan, hanya tana nan fa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Nan ya fi kusa, tsoho. Ko za ka karɓi kwabo biyu a kanta ne?"

To me zai yi, ya riƙe akwatin matarsa ana kokawa a cikin taɓo? Ya bi su a baya cikin yayyafi, kansa a ƙasa. Ni dai har yau abin yana ƙona mini rai.

Kafin wata guda kekuna sun daddage gonar, shingen ya koma wurin shanyar kaya. Da kaka masu hanyar suka aiko a cire shi, suka ba Malachy mako ɗaya ya bar gidan. Ya ƙare rayuwarsa a gidan gajiyayyu na gari, bai ƙara taka Kilbrack ba.

Mutanen ƙauye kuwa suka raɗa wa sabuwar hanyar suna Hanyar Nuala. Wai don girmama ta.