Hannun da Bai Manta Tafireta Ba

A rumfar Christina mai sayar da kwamfutoci na hannu, cikin kasuwar Dutse Alhaji, wani dattijo yana zaune gaban tsohuwar kwamfutar tebur da ya zaɓa. Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ga biro biyu a aljihu. Wasiƙu yake so ya riƙa buga wa mutane, in hannu bai mutu ba.

Ta miƙo masa sabon kibod. Ya latsa sau ɗaya, ya ture.

"'Yata, wannan ai bebe ne. Babu mai magana?"

Ta tono wani jibgege daga ƙasan kwali, ta jona. "Baba, wannan ya tsufa fa."

"Ni ma haka."

Yatsu goma suka sauka, ƙara ta cika rumfar, shi kuwa ko kallon madannan ba ya yi. Christina tana rayawa a ranta cewa wannan ya shekara talatin yana buga tafireta a wata ma'aikata, kafin a kwashe injinan.

A ƙarshen layi hannunsa na hagu ya tashi zai tura ƙarfen tafireta, ya kama iska. Ya tsura wa hannun ido, ya murmusa.

"Ƙyale shi," in ji dattijon. "Shi ba a ba shi takardar ritaya ba."