Gudu a Hanyar Assamakka

Bayan na bar shan tramol, jikina ya yi ta rawa, sai na kama gudu kowace safiya daga unguwarmu a Arlit zuwa hanyar Assamakka. Wata rana na biyo ta rumfar mai shayi inda muke zama a da. Wani Badamagare, tsohon abokin shana, ya buɗe mini tafin hannunsa, ga ƙwaya.

"Zo ka ƙara mai, abokina. Ba ka iya gudun nan babu ita."

Miyauna ya tsinke. Na ce, "Riƙe abarka. Ko da rarrafe ne, da ƙarfina zan koma gida."

A gaban tasha na durƙusa na yi amai. Na goge bakina da riga, na miƙe na ci gaba da gudu.