Hajo Mai Daddawa da Yarinyar Majigi

Duk wanda ya tashi a Dandamisa farkon samun mulkin kai ya san Hajo mai daddawa. Tsohuwa ce 'yar gajera, ga bakin tsiya, amma ba ta ƙari a zance. In motar majigi ta zo aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, ita ce gaba-gaba. Gari na wayewa ta ɗauki ƙwaryar talla, ta bi gida-gida tana kai wa matan kulle labarin abin da aka nuna.

Ran nan aka nuna 'yan alkafura na wata ƙasa. Hajo ba ta ga abin yabo ba. Wannan ya yi tsalle, wancan ya yi lilo a ƙarfe, ba a faɗi ɗan wane ne ba, ba makaɗi, ba kirari. Sai wata yarinya ta hau siririn katako, ta juya, ƙafa ta goce, tim! Kafin a ce me, an sauya hoto.

To, akwai Huseina, matar ƙanen Hajo, da ta karye a cinya tun kaka. Mai ɗori ya ce ƙashi ya haɗe, amma tsoro ya hana ta taka ƙasa, ƙafar har ta fara ƙanjamewa. Abin nan na cin Hajo a rai. Da Huseina ta ji labarin, sai ta ce, "Yaya, yarinyar ta tashi?"

Masu majigin nan, Allah ya shirye su, sun yar da 'yar mutane sun wuce. Hajo kuwa ba ta faɗin abin da ba ta gani ba. Ta ji motar ta nufi Makarfi, ta ci ɗamara ta bi ta a ƙafa.

A can ma yarinyar ta hau, ta faɗo. Hajo ta tare direban da masifa, wai kowane gari sai sun ka da ita? Ya yi dariya ya ce, "Iya, hoto ne, sau ɗaya aka ɗauka." Ta ce wannan shi ta shafa, ita dai ta ga abin da ta gani.

Ta dawo ƙafa a kumbure, ko ruwa ba ta sha ba ta faɗa ɗakin Huseina.

"Ta tashi. Da idona na gan ta a Makarfi, ta sake hawa katakon nan."

"Ba ta sake faɗowa ba?"

"Ta faɗo mana. Gobe kuma tana Gazara."

Huseina ta daɗe tana kallon ƙafarta. Can ta miƙa hannu ta ce, "Yaya, kama ni nan."